Katangar Mutum Biyar

Litinin, shagon askin Wendell a Toledo,
ƙanƙara na narkewa a bakin ƙofa.

Delmar ya ce, "Sau huɗu jiya
aka turmushe mai jifanmu.
Katanga ce gabansa ko labule?"

Lorraine, mai jiran jikanta,
ta ƙwanƙwasa agogon hannu:
"Daƙiƙa uku cur suka ba shi,
ya rungume ƙwallo kamar jinjiri.
Ka bar jaki kana dukan taiki."

Wendell ya tsayar da almakashi.
Shekara huɗu ya tsare hagu a makaranta,
har yau gwiwarsa ke sanar da shi sanyi.

"Ranar da muka tare kowa,
rigarsa fes, shi aka ɗaga sama.
Mu, ko sunanmu."

Ya dafa ƙeyar Delmar.
"Sunkuya."