Motar Ba Ta da Ido

Shekara ashirin da uku ina riƙe da sitiyari.
Na fara da wankin taya a Farin Gada,
na ƙare a motar asibiti mai jiniya,
sai ga takarda daga ofis:
Tanimu, za ka koma makaranta.
Na yi dariya har da tari.
Wa ke koya wa kwaɗo tsalle?

Can bayan Bukuru, inda kududdufan kuza
ke kwance kore shar kamar ba su taɓa cin rai ba,
akwai kwalta da ta zagayo ta ciji wutsiyarta.
Ba ɗan acaɓa, ba akuya, ba mai tallar dankali,
hanya ce da ba ta zuwa garin kowa.
Ruwan Agusta ya kwana, duwatsu sun yi baƙi,
sanyi na gatsar yatsu.

Malamar ta fito da hular kwano a hammata.
Kangyang.
Lasisina na fari ya kusa zama sa'anta.
Ta ga hannuna ɗaya a sitiyari, ɗaya a taga,
ta ce, Baba, wancan hayarsa ka bayar?

Zagayen farko na taka totur don ta san ni.
Allura ta haye ɗari da arba'in,
kwana ta taso mini kamar mai bin bashi,
na danne birki a tsakiyar cikinta.
Taya ta yi kuka, ƙauri ya cika hanci,
robobi bakwai na kwantar.
Ba ta ce uffan ba.
Ta rubuta bakwai.

Birki tun kana miƙe, in ji ta,
ka gama tsoronka kafin ka shiga.
Ka yi wa kwana sallama daga nesa,
ka shafi gefenta na ciki sau ɗaya,
ka fita da faɗi.

Rana ta biyu tanka ta yi wa kwalta wanka.
Ta ce shiga. Na shiga.
Bayan mota ya ce shi ne gaba,
duniya ta juya kamar faifai,
ni kuwa idona a kan tulin tayoyin katanga,
ina kallonsu, ina kallonsu,
har na same su.

Injin ya mutu. Na ji bugun zuciyata a cikin hula.
Ba katanga nake gani ba.
Hawan Kibo nake gani, da hantsi,
ni yaron mota, yayana Ɗanliti a sitiyari,
da yadda ya ƙura wa ramin ido
kamar wanda aka kira da sunan yanka.
Ni na fita ta gilas.
Shi sai da aka nemo igiya.

Kangyang ta bari sai da hannuna ya daina rawa.
Ta ce, motar ba ta da ido, Baba,
naka take ara.
Ka kalli inda kake son zuwa.

Sau goma sha ɗaya na juya ranar.
A na sha biyu na ɗauke kai daga katanga
kamar mai cire ƙaya daga tafin ƙafa,
na nemi farin layi can gaba,
hannu ya bi ido tun ban umarce shi ba,
motar ta yi wutsil-wutsil, ta miƙe.

Takardar shaida tana cikin aljihun mota, ta sha maiƙo.
Amma daren jiya, a hanyar Vom, ana tsuga ruwa,
mai naƙuda a baya tana kiran uwarta,
nas na riƙe da ledar ƙarin ruwa sama,
kwana ta taso.
Na yi mata sallama daga nesa.
Ledar ko motsi ba ta yi ba.

Namiji ne, in ji nas, da asuba.
Na zauna a mota, hannu biyu a sitiyari,
injin a kashe.