Layin da Ke Jikin Batir

A Ƙofar Ruwa, inda babu kogi
sai kwata da baƙin mai da ƙarar guduma,
nan Sallau ya sauka ranar Talata,
batir ɗaure da igiyar taru a bayan babur,
yana warin tarwaɗa da laka.
Daga Tiga ya taso tun asuba.
"Injin kwalekwalena ya daina amsa mini,
kwana uku ina jan filafili kamar kakana."

Maigidana Ilu ya tafi Azahar,
ya bar ni da shago da rediyo mai tari.
Wata bakwai ina koyo.
Na ɗauka na iya.

Na kwance murafu shida, na leƙa:
dalma ta fito fili,
fari-fari kamar leɓen mai azumi.
Tausayi ya kama ni.
Na ɗauko galan ɗin tataccen ruwa,
na zuba, na zuba,
yadda ake cika wa baƙo kofi,
har baki.
Na jona caji, na zauna jiran yabo.

Ba a jima ba ya fara magana,
tsuu, kamar ƙosai a kasko.
Kumfa ta hau, ta gangaro ta gefe,
ta bi benci, ta sami wandona.
Sallau ya zaro taba zai kunna.

"Kai! Mayar da ashanar nan aljihu!"
Ilu ne, takalmi ɗaya bai gama shiga ba.
Bai zage ni ba. Da ma ya zaga.
Ya kashe wuta daga bango tukuna,
sannan ya taɓa waya,
ya wangale ƙofar baya iska ta ratsa,
ya sa safar roba da tabarau mai tsaga a ido ɗaya.
"Talle, fara wanke cinyarka. Ka jiƙo kanwa, da yawa."

Ya kwarara a benci.
Ruwan ya tafasa, ya yi fushinsa, ya huce.
"Saman batir da tsumma za ka bi, murafu a rufe.
Kanwa ta shiga ciki, ka yi masa jana'iza."
Sai sirinji: rami-rami ya zuƙe rarar
yana tsiyayewa a robar da ba a sha da ita,
har ruwa ya komo kan layinsa.
Na miƙa hannu zan watsar.
"Ba a kwata ba. Akuyar Tasalla a nan take sha."

Da ya cire safa ya ce:
"Wannan ruwan kumbura yake in wuta ta shige shi.
Ka rufe kan dalma kawai, ka yi caji,
in ya huce ka duba, ka ƙara.
Ka bar masa wurin numfashi.
Ban da na rijiya, ban da na famfo, ban da na leda.
Kada ka ƙara asid, ruwa ne ke tashi.
In ya fallatsa a ido, buta goma ba ta yi yawa ba,
daga nan sai asibiti."

Sallau ya yi dariya har haƙorin makarsa ya fito.
"Mu ma can, ranar da kamu ya yi kyau,
mukan mayar wa ruwa da wani.
Jirgin da aka loda har baki
ba ya ganin gaɓa."

Da La'asar ya ɗaure kayansa,
ya biya rabi kuɗi, rabi banda,
ya bi hanyar Zariya.

Washegari wandona ya zama rariya,
huda tara, na ƙirga.
Inna ta ce gara ce. Na yi shiru.
Yana nan rataye a ƙusa bayan shago,
kusa da galan.
Duk sanda hannuna ya so yin kyauta
sai na ɗaga kai na gan shi,
na sunkuya,
na nemi layi.