Hannun da Ya Gaji Murya

Ni ne na uku a layin masu goge.
Kujerata ƙafa ɗaya ta gaza sauran,
amma daga nan nake hango tabon wuyanta
duk sanda ta ɗaga kai, gyale ya zame.

A Kaltungo aka yanke cibiyar Rifkatu Yila.
Tana 'yar shekara tara ta tsaya gaban mawaƙan coci
ta ja wani amo sama, sama, ta ƙi sakinsa,
har tsohon mai molo ya manta yana da yatsu.

Aka yi mata karo-karo, sai Legas.
Can ta koyi karanta waƙa a takarda,
ɗige-ɗigen nan masu wutsiya
kamar talibambam an shanya a igiya biyar.
Ta rera da harsunan da ba ta mafarki da su
a zaurukan da ake tafi, ba a guɗa.
Shekara goma sha tara tana cin abinci da maƙogwaro.

Sai maƙoƙo.
Likitan Gombe ya yi aikinsa, ya ceci rai,
wuƙa kuwa ta ɗauki ladanta.
Ta farka da muryar ƙyauren langalanga.

Damina biyu ba ta kunna rediyo ba.
Ta koma Tumfure tana kiwon kaji.
Ran nan 'yan makarantar bayan gidanta
suka kama wata waƙa suna yi mata kisan gilla,
mai ƙaho na gaba, mai ganga na bin sa da gudu.
Ta fito da dusa a hannu, ta tsinci karan dawa,
ta tsallake katanga, ta ce da raɗa:
"Ku jira juna mana."

Yau mu arba'in ne ba biyu.
Akwai tela, akwai nas, akwai malamin lissafi,
akwai Jauro mai algaita daga Bajoga
wanda bai san takarda ba, kafaɗarta yake karantawa.
Sandarta reshen tsamiya ce, kafinta ya feƙe.
In ta ɗaga ta, ko tari sai ya nemi izini.

Ba ta taɓa cewa tana kewa ba.
Amma in an zo gurbin nan mai sanyi,
inda sarewa ke hawa ita kaɗai,
ina ganin leɓɓanta suna motsi,
jijiyar wuya na tashi kusa da tabon,
babu abin da ke fita.
Nan nake matse gogena har ya yi kuka.

Jiya aka ɗauke wuta muna tsakiyar gwaji.
Babu wanda ya tsaya.
Muka bi numfashinta cikin duhu har ƙarshe.
Da aka kunna fitilar waya, na ɗauka za ta yaba.
Ta nuna ni da tsamiyar:
"Na uku, ka riga ni da rabin numfashi.
A sake daga farko."