Shafi Goma Sha Biyu

A tashar motar Kasala na saye ta,
'yar taƙaitawa, shafi goma sha biyu,
saura kwana uku jarrabawa.

Ta faɗa mini wa ya mutu, wa ya gaji gona,
ta ce rijiyar nan ba rijiya ba ce, uwa ce.
Ni kaɗai da ban gane ba.
Na haye jarrabawar Ustaz Ɗayyib.

Sai da kogin Gash ya ƙafe
na buɗe uwar littafin, jabana na kan garwashi.
A shafi na ɗari da tara wata tsohuwa
ta ɓoye takalmin ɗanta don kada ya tafi.
Wannan ba a taƙaita shi ba.

Gahawa ta tafaso, ta kashe wutar.
Ban tashi ba.