Ƙyalle da Turmi

Shekara goma sha tara ina zama a benci na uku,
Littafina a hammata, zif ɗin jakarsa sabo fil.
Ina zai tsufa? Ran Lahadi kaɗai yake buɗe baki.
Fasto ya tauna, ni in haɗiye,
in ce amin, in koma Yankura kan keken ɗinkina.

Sai aka ba Malama Damaris ajin Laraba,
tsohuwar nas, tabarau ɗaure da zare.
Mu tara ne, har da Baba Zakka mai gadi
wanda ko bihim bai sani ba a takarda.

Na kai tambaya, na miƙe ƙafa
kamar mai jiran canji.
Ta ce, "Filibus, me ka gani a wurin?"
Na ce, "Malama, ai ke za ki faɗa."
Ta ce, "Idona ya tsufa. Ara mini naka."

Na fito ina ƙunƙuni har bakin titi.
Kuɗin Adaidaita na biya tun daga Birget
don a maido mini da tambayata ko ninki ba a yi mata ba?

Mako na uku na zo da ayar da nake ji da ita,
wadda na liƙa a ƙofar shago
ina jifan maƙiya da ita safe da yamma.
Ta ce, "Kai tela ne. In ka shiga Kwari,
ƙyalle kake dubawa ka biya kuɗin turmi?"
Na ce sai an warware mini na ga zanen har ƙarshe.
"To, warware. Koma sama.
Wa ke magana? Da wa yake yi?
Me ya faru kafin nan?"
Na bi da yatsa, layi bayan layi,
gumi na tsattsafo mini a ƙeya.
Ashe ba da maƙiyana ake ba,
da mai riƙe da Littafin ake.
A daren na ɓamɓare takardar daga ƙofa.

Ta raba mana fensir, guntu-guntu.
Ta ce alamar tambaya a gefen shafi ba saɓo ba ce,
kuma "ban gane ba tukuna" ita ma amsa ce.

Da damina ta yi nisa ƙafarta ta kumbura,
'ya'yanta suka zo suka tafi da ita Kagoro.
Larabar farko muka zauna jugum,
ruwa na dukan kwano, ga shi an ɗauke wuta.
Asabe ta kunna fitilar waya.
Na karanta ina tuntuɓe da sunayen garuruwa,
muka kaure da gardama ni da ita
har Baba Zakka ya buga sandarsa a ƙasa:
"Ku sake ɗauko mini daga sama.
Kun tsallake wani abu, kunnena ya ji rami."
Muka sake. Da gaskiyar tsoho.
Wani ɗan "amma" muka taka muka wuce,
shi kuwa ke riƙe da zancen duka.

Yanzu zif ɗin ya mutu.
Ga ni tela, ban gyara ba.
Da asuba in ladan ya kira,
maƙwabcina Malam Sabi'u ya fita da butarsa,
ni in jawo kujera ƙarƙashin taga.
Wata ran in gane,
wata ran in tashi da alamar tambaya uku.

Jiya na buga wa Malama waya.
Na ce akwai wurin da ya ɗaure mini kai.
Ta yi dariya har da tari.
"Me ka gani a wurin?"
Na fara faɗa mata.
Katina ya ƙare ban kai rabi ba.