Kujerar Zannun Mai Aski

Shekara talatin ina aski a Mosul, kusa da Dijla:
kujera ɗaya, madubi mai tsaga a kusurwa,
da rediyon da sai an mare shi yake magana.
Na riƙe haɓar liman, na riƙe ta fada,
ta Behnam mai gyaran agogo, ta Hudeda mai tumaki.
Kowa ya miƙo maƙogwaro, ya lumshe ido.
Ban san amanar da ta fi wannan ba.

Sai suka shigo da baƙar tuta a bayan motoci.
Suka auna gemu da yatsu, suka auna wando da idon sawu,
suka shafa jan harafi a ƙofar Behnam.
Zuwa azahar aka ba shi. Ya bar min makulli da kyanwa.
Hudeda ko sa'a ba a ba shi ba.
Har yau ina bin sa kuɗin aski biyu,
bashin da nake tsoron a ce babu mai biya.

Aka hana reza. Na nutsa tawa a kwalbar man zaitun.
Amma da dare, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa,
maza kan sauko ɗaya-ɗaya, kamar masu gaisuwar mutuwa:
"Zannun, rage min kaɗan, yadda ba za su gane ba."
Tsawon ƙwayar shinkafa nake ragewa.
Kada ka raina ƙwayar nan.
Ita kaɗai ta rage wa mutum ya ce tasa ce a fuskarsa.

Ɗana Mu'ayyad, waƙa aka samu a wayarsa,
waƙa ɗaya, ta ranar bikin ƙanwarsa.
Ba su ba ni gawa ba. Takarda suka ba ni,
da hatimi, da lamba, da sunansa an rubuta ba daidai ba.

Ran da tutar ta faɗi na ɗaga ƙofar shago.
Layi har kwanar masu gasa kifi.
Gashi ya rufe min takalma.
Maza na duban madubi suna dariya da hawaye,
kowa ya gamu da ɗan'uwan da ya daɗe da ɓata.

Da la'asar aka jawo wani yaro,
gemu bai gama tsirowa ba, takalmi ƙafa ɗaya.
"Nasu ne! Shi ke riƙe bulala a kasuwa!
Zannun, kai aka yi wa rashi, ga reza a hannunka."
Suka danna shi a kujerata.

Na dubi wuyan. Jijiya na bugawa
kamar tsuntsun da aka ɓoye a cikin riga.
Hannuna ya so. Wallahi ya so.

Na ce: jinin da ya taɓa zuba a kujerar nan na kuskure ne,
shi ma da alif nake tsayar da shi.
Ku kai shi gaban alƙali. A kira shaidu.
A ba shi bakin maganar da suka hana ɗana.
In aka yanka shi a nan, tutar ba ta faɗi ba,
masu riƙe ta ne suka canja.

Wani ya tofa yawu kusa da ƙafata.
Wani ya ce tsufa ya taɓa ni.
Na raka yaron har caji ofis da tawul a kafaɗa,
na tsaya sai da aka rubuta sunansa a littafi,
na duba, na ga an rubuta daidai.

Ban yafe ba. Wannan tsakanina da dare ne.

Makullin Behnam na nan a ƙusa.
Kyanwar ta haihu sau huɗu, ban san abin da zan gaya masa ba.
Reza na ƙanshin zaitun har yanzu.
Kai da ke tsaye a bakin ƙofa, shigo ka zauna.
Tambayata ɗaya ce, ita ce ta dā:
yaya kake so a yi maka?