Dacewa, a Ɗaki na Tara

Likita ta ɗaga hoton ƙashin ga fitila.
"Kan ya zauna cikin gurbinsa," in ji ta,
"sun dace."
Mahaifina, Eulogio,
shekara talatin da alli a hannu
a wata makaranta bisa tudun Valparaíso,
ya ɗago daga matashi: "Dace? Nuna mini."

A ajinsa ba a faɗin kalmar nan da fatar baki.
Sai ka yanko alwatika daga takarda,
ka juya ta, ka kifa ta, ka ja ta ƙarshen tebur,
ka ɗora kan 'yar'uwarta.
In ko ƙyallin gefe ya leƙo,
koma ka zauna.
Kama da wane ba ta wane.

Baffa Baldomero, mai gyaran agogo a gindin tudu,
ya yi dariya har da tari.
"Kai da almakashinka.
A shagona sha bakwai da biyar abu guda ne.
Zubar da sha biyu sau nawa ka ga dama,
abin da ya rage, shi ne sunanka."
Ya harari agogon bango,
ya ce ya makara da minti huɗu.

Ximena ta kira daga Antofagasta,
injin yana gurnani a bayanta.
"Wani dutse in ya narke, ruwansa shi ne shi,
ba ragi, ba ƙari.
Wani kuwa wuta na lasarsa sai ya rabu,
ruwa daban, tsaki daban.
Na farkon muke cewa..."
Layi ya yanke.

Dare ya raba. Kowa ya tafi da kalmarsa.
Jirgi ya yi kuka a tashar ruwa, sau biyu.
"Ya jiki, Baba?"
"Da sauƙi."
Hannunsa na riƙe da ƙarfen gado
har gaɓoɓin yatsu sun yi fari.

An ce masu nazarin halin mutum ma suna auna wannan:
ko abin da baki ya furta
ya hau kan abin da ke ciki.
Na ɗauki maganarsa, na juya, na kifa,
na ɗora kan hannun nan.
Gefe ya leƙo ta ko'ina.

Ban ce ya koma ya zauna ba.
Na danna ƙararrawar nas.
"Ƙarfe nawa?" ya tambaya.
"Ɗaya."
"Sha uku," ya ce, idonsa a rufe.